Ajin Turancin ranar Asabar a Tudun Wada, wata biyu na yi ga abun da na gani

Jama'a tunda na saka hoton allon shagona da aka gyara mutane ke ta tambayata wai ina na je koyon Turanci da furfurata, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ni dai sana'ata saida takarda da biro da littafin rubutu, ga injin fotokofi guda biyu, shagon na nan Tudun Wada ta Kaduna ba nisa da Poli. Shekara kusan shida allon da ke saman ƙofata an rubuta STATIONARY da jan fenti ɓaro-ɓaro, ɗalibai su shiga su fita, malamai su shiga su fita ba wanda ya taɓa ce mun uffan, sai ranar da 'yata ta kawo mun abinci ta ɗaga kai ta kama dariya, wai "Baba ai cewa ka yi shagonka ba ya motsi." Na ce to da ma tafiya zai yi? Ashe na kayan rubutu da e ne, stationery, mai a ɗin kuma abun da ya tsaya cak. Ranar ko tuwon ban ji daɗinshi ba.

Wani kwastoma ne ya nuna mun ajin. Asabar ake yi ƙarfe 10 zuwa 12, a wata makarantar firamare ta kuɗi da suke ara, kuɗin wata naira 8,000 sai 1,500 na takardun darasi. Mu kusan talatin ne kuma an haɗa gambiza sosai, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai nas guda biyu, 'yan kasuwar Barci, yara masu jiran JAMB, da wani dattijo tsohon soja da kowa ke ce ma Baba Soja. Malamin matashi ne, ba zai wuce sa'an ƙanina ba, amma yana da kai gaskiya.

Abun da ya sa na ce kuɗina bai faɗi ba shi ne yadda yake koyarwa. Ni na ɗauka jerin kalmomi zai ba mu a ce je ka haddace kamar yadda aka yi mana a sakandare muka manta kafin a tashi, sai na ga kalma biyu kawai yake rubutawa a allo ya tsaya ya ba ka labarin inda suka fito. Ranar farko da na gaya mishi abun da ya kawo ni ya yi murmushi ya ce "Alhaji ai ba ka yi nisa da gaskiya ba, uwarsu ɗaya." Wai duka biyun daga kalmar Latin ne mai nufin wurin tsayawa, a zamanin da a Ingila yawancin masu saida kaya yawo suke kamar 'yan koli masu cin kasuwa-kasuwa, to mai saida littattafai da ya samu rumfa ta dindindin, galibi kusa da jami'a, shi ake kira stationer, wato mai zama wuri ɗaya, kayan da yake saidawa kuma suka zama stationery. Har ƙungiya suka kafa a Landan a 1403. Ya ce kuma tasha da muke cewa, ta mota ko ta jirgi, daga station ɗin nan muka aro ta. Ni da ke zaune a rumfa ɗaya kusa da Poli shekara da shekaru sai na ji kamar tarihin gidanmu ake karantawa, kuma daga ranar ban sake ruɗewa ba, in na tuna stationer mai er a ƙarshe shikenan e ta zo da kanta.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne flour da flower. Mu Hausawa ai duka fulawa muke cewa, ta burodi da wadda ake shukawa a ƙofar gidan masu kuɗi, ni da na ɗauka bakinmu ne ya kasa rabewa, ashe su kansu Turawan kalma ɗaya ce a wajensu da farko. Garin alkama mafi laushi da kyau shi suke kira furen gari, kamar dai ka ce kan kaya, kuma ko a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 flower aka rubuta wa duka ma'anonin biyu, daga baya ne rubutun ya rabu. Wata Hajiya mai saida kek da cincin ta ce to ashe mu ne muka riƙe amana.

Akwai ranar corps da corpse, wannan kam ya kamata duk wanda ke da ɗa mai shirin bautar ƙasa ya ji. Duka daga corpus ne, jiki kenan a Latin, suka biyo ta Faransanci. Corps jikin mutane ne da aka haɗa wuri ɗaya, runduna, kamar na NYSC da aka kafa a 1973 lokacin Gowon, kuma "ko" ake furtawa, p da s ɗin ba a taɓa su. In ka furta su duka to gawa ka ce. Sai da ajin ya yi tsit dan kusan kowa ya san ya taɓa kiran yaran mutane gawa ba da saninshi ba. A nan ne Baba Soja ya ɗaga hannu ya tambayi ordnance da ordinance, Malam ya ce da i doka ce, irin dokokin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa kafawa har da ta En'e, babu i kuma makamai ne da harsashi, irin aikin masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri tun 1964, kuma na biyun gutsurewa ya yi daga na farkon. Baba Soja ya ce shekara talatin yana sa hannu a takarda mai kalmar nan bai san da 'yar uwarta ba.

Desert da dessert ya wuce su da sauri, ɗaya daga kalmar watsar da abu, hamada kenan wurin da aka bari, ɗayan daga Faransanci na kwashe kwanuka, abun zaƙin da ake kawowa bayan an share tebur. Sai advice da advise, practice da practise, licence da license, a Turancin Ingila c suna ne s kuma aiki, amma Amurkawa suna rubuta practice da license a duka wuraren biyu, ga kuma color da center irin na ƙamus ɗin Noah Webster na 1828, shi ya sa wayarka za ta ja ma jan layi a abun da ka rubuta daidai in an saita ta a Turancin Amurka. Wannan kaɗai ya raba ni da gardama da yaron da ke mun taifin a shago.

Kuma in wani ya fara ƙorafi wai Turanci yaren wahala ne sai ya juya ya rubuta kafa da ƙafa, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai, ya ce ku da kuke cire ƙugiya a waya ku bar mai karatu da canki-canka me za ku ce wa Bature. Ba wanda ke da amsa.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, dan ba talla aka biya ni in yi ba. Takardun darasin nan na 1,500 ba su kai ba sam, ni sana'ata ce na san injin da tawadarshi ta ƙare in na gani, shafi huɗu sai ka kanne ido, kuma abun haushi a cikin takardar da ke koya maka bambancin quiet da quite an rubuta ɗaya a wurin ɗaya, yarinya 'yar JAMB ce ta gano, Malam ya ce mai taifin ne, to ai kai ya kamata ka duba kafin ka saida mana. Ƙarfe 10 ɗin ma a baki ne, sau uku sai wajen goma da rabi aka samu mai makulli. Bencin na yara ne, mutum irina gwiwa na taɓa haɓa, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya kuma sai haƙuri. Sannan Malam in labari ya yi mishi daɗi yakan zarce, ranar principal da principle daga Rumawa muka tsinci kanmu a siyasar ƙananan hukumomi, minti ashirin suka tafi a banza.

Babban giɓin dai a wajena furuci ne. Mu matsalarmu ta gaske ai p da f ce, pull da full, pan da fan, ga live da leave, wannan ba tarihi ke gyara shi ba sai an sa ka ka faɗa ka sake faɗa har harshe ya saba, shi kuma sau ɗaya ya taɓa wajen a wata biyu. Kuma ba kowace kalma labarin asalinta ke taimaka ba, lose da loose ya gaya mana loose daga yaren mutanen arewacin Turai ta shigo, na ji na yarda, amma har jiya sai da na tsaya ina tunanin o nawa zan saka a saƙon da zan tura wa dila.

In kai mai rubuta wasiƙar ofis ne ko mai shirin jarrabawa ko mai shago irina, je ka, ka tafi da littafinka ka rubuta da hannunka kar ka dogara da takardunsu, in da hali ka riƙo ɗan matashin zama. In magana kake so bakinka ya faɗa, ba nan ba ne. Ni zan ƙara wata ɗaya dan ya ce affect da effect na tafe.

Allon kuma mai fenti ya ce gaba ɗaya 12,000, na ce harafi ɗaya ne ya yi laifi shi kaɗai za a hukunta, ya goge a ya saka e a 1,000. Yanzu e ɗin ta fi sauran haruffan ja, daga bakin titi ma ita ake fara hangowa, maƙwabcina mai aski da ya rubuta saloon maimakon salon a nashi har ya fara tambayata ƙarfe nawa ake shiga.