Shagon da ya raba ni da rigimar GCC a Samaru

Kwamfutar tebur ɗina tsohuwa ce, Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux, ne a kanta, shi kuwa da GCC 9 yake zuwa, wato kompaila, manhajar da ke mayar da rubutaccen kod ya zama shirin da kwamfuta za ta iya kunnawa. Aikin da nake yi na C++ yana buƙatar std::format, kayan tsara rubutu, wanda sai a GCC 13 na shekarar 2023 ya shigo. Na sauko da sos ɗin 13.2, wato rubutaccen kod ɗinsa, na ce zan gina da kaina. Kwana uku ina fama, na haƙura na ɗora akwatin a keke Napep zuwa wani ɗan shago a Samaru, kusa da jami'a, inda aka ce akwai yaron da ya san Linux.

Shagon ba abin kallo ba ne. Benci ɗaya, fanka mai ƙara, matattun firintoci jibge a lungu. Amma yaron bai ce "bari mu yi fomatin" ba, kalmar da ta sa na daina kai kwamfuta wurin masu gyara. Sai da ya karanta kuskuren tukuna.

"Malam, a cikin foldar sos ɗin kuka yi ginin?" Na ce e. Ya buɗe wata folda daban don ginin, ya kunna contrib/download_prerequisites daga foldar sos ya jawo GMP da MPFR da MPC, laburaren lissafi da GCC ke buƙata, ya ƙara --disable-multilib tunda ba ni da laburaren 32-bit, ya ce a zuba komai a /opt/gcc-13 don kada a taɓa kompailan da Ubuntu ya dogara da shi. GCC sau uku yake gina kansa, ya gwada na biyu da na uku ya ga sun zo daidai, saboda haka aikin awoyi ne. Ana tsaka aka ɗauke wuta, janareto kuma babu mai. Ni na ba da kuɗin lita biyu, kuma ba a cire mini daga kuɗin aiki ba. Wannan ya ɓata mini rai, har yanzu ma. Sa'a dai make, manhajar da ke tafiyar da ginin, daga inda ya tsaya yake ɗorawa.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne wajen linka, manhajar da ke haɗa fayiloli da laburare su zama shiri ɗaya. Tulin "undefined reference" da ke cika mini allo ashe laifina ne: da gcc nake haɗawa maimakon g++, ga shi na sa sunan laburare gaban fayilolin da ke nemansa, alhali linka daga hagu yake bi zuwa dama. Aka gyara, shirin ya haɗu, sai ya ƙi tashi, wai bai ga GLIBCXX_3.4.32 ba. Na ce shi ke nan, gini ya lalace.

"A'a Malam, ginin lafiya lau. Sabon kompaila ne ya ɗinka rigar, tsohon laburare ake ba ta ta saka."

Ya nuna mini da umarnin ldd cewa libstdc++, wato laburaren C++, na Ubuntu ake ɗauka, wanda ya tsaya a GLIBCXX_3.4.28. Ya hana ni kwafa sabon a kan tsohon, ya sa -Wl,-rpath,/opt/gcc-13/lib64 a Makefile don shirin ya riƙa ɗaukar sabon laburaren, shirin ya tashi. Ya rubuta mini layukan a bayan rasit.

Alkawarinsa na lokaci kam kada ku riƙe. Ya ce bayan Azahar, sai bayan Isha'i na bar shagon. In za ku je, ku tafi da datarku, ku kuma tambayi zancen mai tun kafin a kunna na'ura.