Kayan gwajin ruwa na gida: suna ganin tsami, ba sa ganin dalma

Ga hukuncina tun daga farko: idan kogin da kake ɗiba yana wucewa ta bayan masana'antu, kayan gwajin nan na gida ba za su gaya maka ko ruwan lafiyayye ne ba. Suna da amfaninsu, amma ba wanda aka zana a jikin kwalin ba.

Abu biyu ne a cikin kwalin. Akwai kwalbar tsinkayen gwaji, kowane tsinke da ƙananan gidaje masu canza launi idan an tsoma shi. Akwai kuma na'ura mai kama da biro, wadda ake kira TDS, tana nuna lamba. Na saye su ne saboda gonata tana ƙasa da wani kamfanin jima da wata masaƙa, kuma wani lokacin ruwan yakan zo da kumfa da warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokacin ya zo garau.

Gidan da ke auna tsamin ruwa, wato pH, yana aiki sosai. Ranar da aka saki dagwalo launinsa yakan yi tsalle zuwa ɓangaren kanwa, wanda ya dace da aikin jima, domin da farar ƙasa da sinadarin salfaid ake cire gashin fata. Na'urar ma lambarta takan hau a irin wannan rana, saboda gishirin da ake adana fatu da shi da wanda ake zubawa a rini. Da su na gane cewa ba kullum ake sakin dagwalon ba, kuma na koyi kashe injin ban ruwa idan lambar ta tashi fiye da yadda ta saba. Wannan kaɗai ya sa ban yi nadamar sayensu ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne gidan dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita ɗaya. A jikin kwalbar, bayan sifili, mataki na farko shi ne 20. Ninki dubu biyu ke nan. Ma'ana ruwa zai iya ɗauke da dalmar da ta ninka iyakar sau ɗari, tsinken ya fito da launin sifili, uba ya ɗebo ya bai wa ɗansa da kwanciyar hankali. Kuma dalma yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ta lalata ba ya dawowa. Kadmiyam, wani ƙarfe mai guba wanda iyakarsa 0.003 ce, babu ma gidansa a tsinken. Gubar asenik ma babu gidanta.

Ita kuwa na'urar, ba guba take aunawa ba. Tana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, sai ta ƙiyasta yawan abin da ya narke a ciki. Gishiri marar illa da ƙarfe mai kisa duk ɗaya ne a wurinta, kuma 0.01 ya yi mata ƙanƙanta, ba za ta ko motsa ba. Mai sayarwar ya ce mini ƙaramar lamba tana nufin ruwa mai tsafta. Ba gaskiya ba ne, kuma maganar tana da haɗari.

Akwai wata matsalar. Idan ruwan ya zo da launin rini, shi kansa yakan rina gidajen tsinken, sai ka rasa wane launi kake kwatantawa. Takardar bayanin ba ta ce komai a kan haka ba.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne gubar masana'antu ba ta cika zama a saman ruwa ba. Ƙarafa masu nauyi suna kwanciya a laka, suna shiga jikin kifi da amfanin gona, suna taruwa a hankali. A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, zaibar da wani kamfanin sinadarai ya riƙa zubarwa ta taru ne a jikin kifi, mutane suka ci, jijiyoyinsu suka lalace, aka haifi jarirai da naƙasa. A bakin kogin Jinzu, a Japan ɗin dai, kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ya bi ruwan ban gona ya shiga shinkafa, ya lalata ƙodar mutane, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa. Wane tsinke ne zai ga wannan a kofin ruwa?

Don Allah kada a dogara da tafasawa. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙarfe yana nan, ruwan ne ma ke raguwa ya bar shi. Kulorin ma ƙwayoyin cuta yake kashewa. Alif yana kwantar da dauɗa, ruwa ya yi haske, amma haske ba shaida ba ce.

Daga baya na kai ruwan da lakar ɗakin gwaje-gwaje, inda suke da injin da ke ganin ƙarfe komai ƙanƙantarsa. Su suka ba ni kwalba mai tsafta, suka ce in ɗebo daga sama da bututun kamfanin da kuma ƙasa da shi, in rubuta rana da lokaci. Sakamakon ya nuna ƙarfen kuromiyam a ƙasan ya haura 0.05 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, a ruwan da tsinkena bai ce komai a kansa ba. Takardarsu ce muka haɗa da ƙorafin da muka kai wa hukumar kula da muhalli, domin babu jami'in da zai karɓi hoton tsinke a matsayin hujja.

Manomi ko mai kiwon kifi da yake son sanin ranar da aka saki dagwalo, ya saya. Wanda yake neman sanin ko iyalinsa za su iya shan ruwan, ya haɗa kuɗi da maƙwabta su kai ɗakin gwaje-gwaje, kuma kafin sakamako ya fito su nemi ruwan sha a wani wurin.