Wata takwas ina zuwa gashin ƙashi a Kumasi bayan ɗinkin jijiyar hannu

Ni tela ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, shekara ashirin da ɗoriya ina kan keke. A watan Mayu hadari ya taso da iska, na tashi in rufe tagar shago, gilashin ya fashe ya yanke ni a wuyan hannun dama. A ƙaramin asibitin da aka fara kai ni fata kawai aka ɗinke, aka ce in dawo cire zare. Ba wanda ya taɓa yatsuna ya tambaye ni ko ina ji. Har yau abin yana ci mini rai.

Bayan kwana uku na lura babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe sun mutu murus, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Kofin shayi ya ƙone ni har ya yi bororo ban sani ba. Masu zuwa dubiya kowa da tasa shawarar, wani ya ce mai ɗori, wani ya ce man zafi. Ƙanwata mai aikin jinya ta riƙe hannun ta ce, "Yaya, wannan ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta tsinke. Gobe da sassafe mu tafi." A rana ta tara aka yi tiyata, aka haɗa bakin jijiyar, wadda suke kira midiyan, da zaren da ya fi gashin kai siriri. Mako uku hannun na ɗaure, daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi, wanda kowa a nan ke ce wa fisiyo. A kansu nake wannan sharhi.

Abin da ya fi yi mini amfani a wurin gaskiyar da ma'aikaciyar ta gaya mini tun ranar farko. Muna ce mata Madam. Ta ce ɗinki bututun jijiyar kawai ya haɗa, zaren cikin sai ya sake tsirowa daga wurin yankan zuwa ƙarshen yatsa, kuma tafiyarsa kusan milimita 1 ce a rana. Na zaro tef ɗin awona daga aljihu, muka auna daga tabo zuwa kan yatsan tsakiya: santimita 18. Wata shida ke nan, ban da makonnin da jijiyar ke yi kafin ta fara motsi. Na yi shiru, don na san babbar Sallah ta wuce ni ba zan ɗinka ko hula ba. Amma da ba ta faɗa ba, da a wata na biyu na fid da rai na daina zuwa.

Kowane wata takan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa, inda na ji kamar lantarki ya ja ni ta ɗiga alama da biro. Ta ce wani likitan Faransa, Jules Tinel, ya bayyana wannan gwaji a 1915 a kan sojojin da suka ji rauni a yaƙi. Ɗigon ya tashi daga tabo ya shiga tafin hannu, ya kai gindin yatsu. Da idona nake ganin tafiyarsa.

Ba wanda ya shirya ni wa zafin. A wata na uku yatsun suka fara raɗaɗi da dare kamar an zuba barkono, ga tafiyar kiyashi, ko zanen gado ya goge su sai na zabura. Na zaci aikin ya lalace. Madam ta ce yawanci alamar isowar jijiya ce, ta mayar da ni ga likita ya rubuta mini maganin da ake kira amitriptyline. Ya rage, amma yana busar da baki, kuma tashin asuba ya zama aiki.

Tudun naman gindin babban yatsa ya lotsa, sai ta yi mini maɗauri na roba da ke riƙe yatsan a buɗe don kada ya sanƙare, ta kuma gargaɗe ni cewa tsokar da ta rasa jijiya wata 12 zuwa 18 da wuya ta farfaɗo. Fatar ta bushe ƙamas ba gumi, ta ce in dinga murza ta da tabon da man kaɗanya. Da ji ya fara dawowa, ta sa in tsoma hannu a kwanon shinkafa ido rufe in lalubo mukulli da kwabo. Da ta ji sana'ata sai ta ce in kawo ƙyallaye daga shago. Shadda, atamfa, leshi, kaki: in taɓa in faɗi suna, in buɗe ido in gani. Makon farko duk ɗaya suke a hannuna. Ranar da na gane shadda daga santsinta, hawaye ne suka zubo mini a gaban mutane.

Inda suka gaza kuwa, ma'aikata biyu ne ga ɗaki cike. In ba ka iso kafin bakwai ba, sai azahar, kuma minti ashirin ne rabonka. Takardar atisayen gida da Turanci take. Ba mai jin Hausa a cikinsu, kuma na sha ganin tsofaffinmu na Zango da ba su jin Turanci, Tonancinsu, wato yaren Asante, ma kaɗan ne, suna gyaɗa kai alhali ba su gane ba. Sau da yawa ni ke yi musu tafinta daga kan benci. Wannan ya kamata a gyara shi.

Duk wanda ya tambaye ni zan ce ya je, ya kuma tafi da wanda zai fassara masa. Yanzu ina taka keke, ina yanka da almakashi, gumi ya dawo tafin hannuna. Sanyin hunturun nan yana sa yatsun zugi da safe sai na sa safar hannu. Zare a allura har yanzu sai na kalla, kan manuniya bai gama farkawa ba, yaron shagona ke ɗinka maɓallai. Ranar Talata zan koma da ƙyallen siliki, shi kaɗai ya rage ban iya ganewa ido rufe ba.