Faifan Garden Party na Rick Nelson: dala 6 na saye shi, da tabo a gefe na biyu

A wani shagon gwanjo na tsinci faifan garmahon nan, cikin kwalin da aka jibge a ƙarƙashin tebur. Kwalinsa ya ji jiki, har warin raɓa yake. Na biya dala 6.

Labarin da ke bayansa ne ya sa na ɗauka. Ricky Nelson yaron talabijin ne, Amurkawa sun ga tasowarsa a shirin iyayensa, Ozzie da Harriet. Yana ɗan shekara 18, a 1958, waƙarsa ta hau saman jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard, 'yan mata kamar su cinye shi ɗanye. A 1961 ya mayar da sunansa Rick, wai ya girma. Masoya kuwa ba su yarda ya girma ba.

Ranar 15 ga Oktoba 1971 aka yi taron tuna tsofaffin waƙoƙi a Madison Square Garden da ke New York, har da su Chuck Berry da Bo Diddley. Sai ga mutumin ya fito da gashi har kafaɗa da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Ya ɗan taɓa tsofaffin, sannan ya karkata zuwa kiɗan country. Zaure ya kaure da ihu. Wasu sun ce da 'yan sanda ake a can baya, shi dai ya ɗauka da shi ake, ya sauka. A kan wannan abin da ya faru ne ya rubuta waƙar Garden Party, wadda ta ba faifan suna.

Na sa allura ina jiran in ji mutum yana huci. Ina! Waƙar da ta ba faifan suna a sanyaye take, kamar wanda ya zauna ƙofar gida bayan la'asar yana ba da labarin bikin da aka yi masa wulaƙanci, yana murmushi. Jitar makaɗinsa Tom Brumley na jan sauti a bayan muryarsa kamar ana jan zare. Sau huɗu na mayar da allura kafin in bar ta ta wuce. Ba mamaki da ta kai ta 6 a jadawalin a 1972.

Sauran waƙoƙin fa? To, ba yabo ba fallasa. Wadda ya aro daga Chuck Berry tana da ɗan zafi, amma akwai biyu ko uku da na gama ji ban riƙe komai ba. Kuma in faɗi gaskiya, ana cikin haka na tsinci kaina ina neman waƙoƙinsa na samartaka a waya. Ashe ni ma da ina zauren nan, ban san ɓangaren da zan tsaya ba.

Gefe na biyu yana da tabo, allura na tsalle a waƙa ta uku. Na koma shagon, mai shagon ya nuna mini takardar da ya manna a bango: kayan da aka saya ba a mayarwa. Na ɗora kwabo a kan hannun allurar, yanzu tana wucewa.