Bitamin C: gwaba da lemo, farar ƙwaya, ko mai kumfa a ruwa?

Hajiya, kin yi tambaya a zauren nan cewa tun da hunturu ya kama a Daura kike sayen ƙwayar bitamin C mai miligiram 1000, wadda ake jefawa a kofin ruwa ta yi kumfa, kina ba maigida da yara saboda mura, kuma kina son sanin ko ta fi ƙaramar farar ƙwayar nan mai miligiram 100 da ake sayarwa a kowane kemis, ko kuwa shan lemo ya wadatar. Amsata ita ce, ga mai lafiyar da yake samun abinci, kayan lambu da 'ya'yan itace sun fi duka biyun; idan kuma an buƙaci ƙwaya, ƙaramar ta isa. Mai kumfar ita ce ta fi tsada, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi taka-tsantsan da ita, musamman ga yara.

Sai mun san abin da jiki yake nema kafin mu auna su. Akuya da tunkiya da saniya suna haɗa bitamin C da kansu a cikin hantarsu, amma ɗan Adam ba ya iya haɗa shi, kuma ba ya iya ajiye mai yawa, don haka dole ya riƙa samunsa daga abinci a kai a kai. Babban aikinsa shi ne taimaka wa jiki ya ƙera kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, shi ya sa wanda ya rasa shi na tsawon wata 1 zuwa 3 sai kasala ta kama shi, dasashinsa ya kumbura yana jini, rauni ya ƙi warkewa, a ƙarshe haƙora su fara girgiɗi. Wannan ciwo ne ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa na Turai, a kansa ne wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan ma'aikatan jirgi 12 a shekarar 1747, ya ga waɗanda aka ba lemo ne suka murmure. Abin da ya kamata ki lura da shi shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata: miligiram 10 kacal a rana yana hana wancan ciwo. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar domin cikakkiyar lafiya shi ne miligiram 90 ga namiji baligi, 75 ga mace, 85 ga mai ciki, 120 ga mai shayarwa, sannan mai shan sigari ya ƙara 35 a kai. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar 15, ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar 25, ɗan 9 zuwa 13 kuma 45.

To, mu ɗora abubuwan uku a kan wannan ma'auni. Lemon zaƙi matsakaici guda ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 70, wato kusan duk abin da mace take buƙata a yini. Gwaba ta fi lemo nesa ba kusa ba, domin a giram 100 nata akwai fiye da miligiram 200, gwaba guda ɗaya ma ta ishi magidanci. Jan tattasai ɗanye yana da kimanin 128 a giram 100, gwanda kimanin 60, mangwaro da kabeji kimanin 36, tumatir kuwa bai wuce 14 ba, kankana ta fi shi ƙasa. Farin garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono ma yana da shi sosai, ya fi lemo idan aka auna nauyi da nauyi, haka 'ya'yan yazawa. Tsamiya kuma, duk da tsaminta, kaɗan ƙwarai take da shi, saboda haka kada tsami ya zama ma'auni a wurinki. Farar ƙwaya guda ɗaya ta cika buƙatar baligi na yini ɗaya har da ɗan rara. Mai kumfa kuwa ta ninka buƙatar maigida fiye da sau 10, ta ninka ta yaro ɗan shekara 6 sau 40.

A nan ne mutane da yawa suke ɗauka cewa tunda ta fi yawa, ta fi amfani, alhali hanji ba ya karɓar abin yadda aka zuba masa. Idan mutum ya sha tsakanin miligiram 30 zuwa 180 a rana, jiki yana tsotse kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Idan ya haura 1000, abin da ake tsotsewa yana faɗowa ƙasa da rabi, wanda ya shiga jinin ma, da zarar jini ya ƙoshi sai ƙoda ta tace rarar ta fita da ita cikin fitsari. Jini yana kusantar ƙoshi ne tun daga miligiram 200 zuwa 400 a rana. Misalinsa randa ce da ta riga ta cika, duk abin da aka ƙara mata ƙasa zai sha. Kenan kaso mai yawa na kuɗin da kike kashewa a kan mai kumfar yana tafiya ne ba tare da ya zauna a jikin kowa ba.

Sinadarin da ke cikin ƙwaya da wanda ke cikin lemo abu ɗaya ne, kuma jiki ba ya bambanta su. Tun shekarar 1933 aka gano hanyar haɗa shi a masana'anta, yau kuma mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya a ƙasar Sin ake yin sa daga sukarin masara. Saboda haka idan kika ga an rubuta a kwali cewa wannan na asali ne daga itace, ko an haɗa shi da wani abu da ke ƙara masa ƙarfi, aka ninka masa kuɗi, ki sani cewa farar ƙwayar nan mai araha ita ma ainihin sinadarin ce. Fifikon 'ya'yan itace ba daga nan yake ba. Fifikonsu shi ne abin da suke zuwa da shi: gwaba tana da harza mai gyara bayan gida, mangwaro da gwanda da tattasai suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A mai kare ido, lemo yana da ruwa da fotasiyam. Ƙwaya abu ɗaya tak take kawowa. Mai kumfa kuwa tana kawo abin da ba a nema ba, domin kumfar nan daga wani gishiri mai sodiyam take fitowa, wasu ƙwayoyin sukan kai miligiram 200 ko fiye na sodiyam a guda ɗaya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai 2000 a yini daga duk abincinsa. Idan maigida yana da hawan jini, wannan kaɗai ya isa a karanta kwalin da kyau kafin a ci gaba.

Game da mura, wadda ita ce dalilinki, ra'ayin shan bitamin C mai yawa ya bazu ne tun shekarar 1970, lokacin da masanin kimiyyar nan na Amurka Linus Pauling ya yi ta kira a kai, kuma saboda girman sunansa mutane suka karɓa. Daga baya an yi gwaje-gwaje masu yawa, ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara su ta fitar da sakamako a 2013. Abin da aka samu shi ne, shan miligiram 200 ko fiye kullum bai rage yawan kamuwa da mura ga gama-garin mutane ba. Ya dai rage tsawon kwanakinta kaɗan, kimanin kashi 8 cikin 100 ga manya, 14 ga yara, wato murar mako guda ta ragu da rabin yini zuwa yini ɗaya. Waɗanda aka ga kamuwarsu ta ragu da rabi su ne masu wahalar jiki mai tsanani, kamar masu gudun yada-ƙanin-wani da sojoji a cikin tsananin sanyi. Fara shan sa bayan mura ta riga ta kama kuma ba a ga ya yi wani tasiri tabbatacce ba. Ni dai ina ganin rufe wa yara ƙirji da kai da asuba, da wanke hannu, da kare su daga ƙurar hunturu sun fi kofin kumfar amfani.

Ta fuskar illa, da wuya mutum ya cutu da bitamin C ta hanyar cin gwaba ko lemo, domin ciki zai cika kafin a kai wurin. Farar ƙwaya ɗaya ko biyu ma haka. Iyakar da aka sa wa baligi ita ce miligiram 2000 a rana, abin da ya wuce nan yakan jawo gudawa, murɗar ciki da ƙwannafi. Amma iyakar yara ta fi ƙasa sosai: 400 ga ɗan shekara 1 zuwa 3, 650 ga ɗan 4 zuwa 8, 1200 ga ɗan 9 zuwa 13. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tambayarki, Hajiya, domin ƙwaya ɗaya mai 1000 ta riga ta tsallake iyakar duk yaron da bai kai shekara 9 ba. Ina roƙonki ki daina ba ƙananan ita. Akwai kuma batun tsakuwar ƙoda, domin jiki yana mayar da wani ɓangare na rarar zuwa sinadarin da tsakuwar ke haɗuwa da shi. Wani bincike da aka yi a kan dubban maza a ƙasar Suwidin, aka buga a 2013, ya nuna masu shan ƙwayar mai yawa sun ninka sauran kusan sau 2 wajen samun tsakuwa. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda ake gumi ba a shan ruwa isasshe, wannan ba abin wasa ba ne. Mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwa, da mai sikila da ake yawan yi masa ƙarin jini har sinadarin ƙarfe ya taru a jikinsa, kada ɗayansu ya sha mai yawa sai da izinin likita.

Inda ƙwaya ta fi abinci shi ne tabbas. Bitamin C ba ya jure zafi, iska, hasken rana da daɗewa a ruwa, kuma kanwa tana lalata shi da sauri. Girkinmu kuwa na dogon dahuwa ne: a soya tumatir da tattasai har su yi duhu, a jefa kanwa a miyar kuka ko kuɓewa, a dafa zogale a zubar da ruwan. Busasshen tumatir da busasshen tattasai da ake komawa gare su idan ɗanye ya yi tsada sun riga sun rasa mafi yawan nasu tun a wurin shanya, kukar miya ma haka, zoɓon da aka tafasa ya daɗe shi ma bai rage da wani abin kirki ba. Saboda haka gidan da ke cin tuwo da miyar kuka safe da dare ba tare da wani ɗanyen abu ba zai iya samun ƙaranci ko da ana ƙoshi. Maganin wannan ba shi da wuya: a yanka ɗanyen tumatir da tattasai da albasa a kan kwaɗon zogale ko shinkafa da wake, a matsa lemon tsami bayan an sauke abinci ba lokacin da yake kan wuta ba, a ci lemo da zarar an yanka shi. Allah ya hore mana abin a kusan kowane lokaci na shekara, domin lemo yana cika kasuwa da hunturu, tumatir da tattasai da kabeji da latas na noman rani suna fitowa daga Ajiwa da Jibiya da Sabke, mangwaro da yazawa suna zuwa da bazara, gwaba kuma ta biyo bayan damina.

Akwai wani amfani da ba a cika ambatonsa ba, a ganina kuwa ya fi batun mura muhimmanci ga matanmu. Sinadarin ƙarfe da ke cikin gero, dawa, wake da ganye yana da wuyar tsotsuwa, bitamin C kuma yana sauƙaƙa wa hanji ɗaukarsa matuƙar an ci su tare a zama ɗaya. Shayi yana yin akasin haka. Mace mai ƙarancin jini, ko mai ciki da aka ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, za ta fi amfana idan ta haɗa abincinta da lemo ko gwaba ta jinkirta shayin zuwa wani lokaci. A nan ma abin da ake buƙata kaɗan ne, lemo ɗaya ko farar ƙwaya ɗaya sun yi aikin.

Waɗanda ƙwaya ta dace da su su ne tsohon da ba ya iya tauna ko ba ya son abinci, mara lafiyar da ya daɗe a kwance, mai shan sigari, da wanda halin rayuwa ya hana shi samun ɗanyen abu na tsawon makonni. Su ma farar ƙwaya ɗaya zuwa biyu a rana, bayan cin abinci, ta wadatar, sai fa idan likita ne ya rubuta fiye da haka saboda wani dalili da ya gani. Jariri mai shan nono yana samun nasa daga uwarsa, ita ce za a ciyar. Idan za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki fi son wadda take cikin kwalinta a rufe a kan wadda ake ƙirgo wa mutum daga buɗaɗɗen gwangwani a ƙulla a leda. Ki ajiye ta inda babu zafi da laima, nesa da hannun yara, musamman mai zaƙin nan ta tsotsa da suke ɗauka alewa ce, wadda tsaminta ke cin haƙori idan an yawaita. Farar ƙwayar da ta juye ta zama ruwan ƙasa ta fara lalacewa, a zubar da ita. Ragowar mai kumfar da ke hannunki kuma, idan maigida ba shi da hawan jini ko matsalar ƙoda, yana iya raba ta biyu ya sha rabi a rana har ta ƙare.