Ɗakin gwajin da ke auna zirin elektron kafin ya taɓa samfurinka

Ɗalibai da malaman jami'a da ke saukowa Legas daga Arewa da samfurin ƙarfe, siminti ko yumɓu sukan tambayi 'yan'uwa mazauna Agege inda za a ɗauki hotonsa da maikuroskof mai aiki da elektron. Ni dai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajejen Ikeja nake nuna musu, domin ma'aikatansa suna auna ingancin zirin elektron, wato siririn kwararar elektron da na'urar ke haska samfuri da shi don ɗaukar hoto, a gaban mai samfuri kafin su fara aiki.

Na'urarsu irin wadda ake kira FE-SEM ce, wato maikuroskof ɗin elektron da ke fitar da zirinsa daga bakin tsini. Tsohuwar irin na'urar takan gasa wayar ƙarfen tangistin har ta haura digiri 2,000 kafin elektron su fita, ita kuwa wannan tsinin tangistin gare ta, mai kaifin kimanin nanomita 100 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya), kuma ƙarfin lantarki ne ke fizgo elektron daga bakinsa ba tare da zafi ba, kamar yadda masanan kimiyya Fowler da Nordheim suka bayyana a 1928. Zirin ya fi siranta, ya fi haske nesa ba kusa ba, amma ba ya son ƙazanta ko kaɗan: da zarar ɗan gas ya manne wa tsinin, sai ƙarfinsa ya riƙa hawa da sauka, hoton kuma ya fito da layi-layi. Saboda haka sukan zuƙe iskar cikin na'urar sosai, su ɗan ƙona tsinin na ƙiftawar ido domin ya tsarkaka, su auna ƙarfin zirin da ƙoƙon Faraday, wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tarar elektron domin a auna yawansu, sannan su gwada kaifin hoto a kan ƙwayoyin zinariya da aka baza bisa kabon. Wannan sakamako suna haɗa shi da hotunanka, abin da ke da amfani ƙwarai ranar da malamin da ke duba kundinka ya nemi hujja.

Inda na ga gazawa shi ne lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, domin girgizarsa tana kaiwa ga na'urar, dole a dakata. Kuɗinsu ma ba na wasa ba ne, kuma shafa wa samfurin da ba ya ɗaukar lantarki zinariya kuɗi ne daban. Wanda zai je ya busar da samfurinsa sarai, ya rufe shi a mazubin da iska ba ta shiga, saboda laimar Legas tana tsawaita zuƙe iska, lokacin kuma a cikin kuɗinka yake.