Binciken cikin gida: tsakanin ISO 9001 da IATF 16949

Injiniya, ka tambaya ko binciken cikin gida da masana'antarku ta Idu a Abuja take yi sau ɗaya a shekara bisa ISO 9001, ƙa'idar kula da inganci ta ƙasa da ƙasa, zai wadatar, tunda kamfanin haɗa motocin da kuke kai wa sassa ya nemi ku koma bin IATF 16949, ƙa'idar kula da inganci ta masana'antar motoci. A ganina ba zai wadatar ba, kuma inda gizo ke saƙa shi ne faɗin abin da ake dubawa.

ISO 9001 na 2015, a sashe na 9.2, bai yanke wa kowa wa'adi ba. Abin da ya nema shi ne a tsara lokutan bincike, a yi la'akari da muhimmancin kowane aiki da sakamakon binciken baya, kuma a zaɓi masu binciken da za su yi shi ba tare da son kai ba. Sau ɗaya a shekara da aka saba yi al'ada ce kawai.

Shi kuwa IATF 16949, wanda ya fito a 2016 ya maye gurbin ISO/TS 16949, ya ɗora a kan wannan ne, ya kasa binciken gida uku: na tsarin kula da inganci gaba ɗaya, na hanyoyin ƙera kaya, da na kayan da aka ƙera. Na farko da na biyu dole ne su game kowane aiki cikin shekaru uku, bisa jadawalin da ake fitarwa kowace shekara. Mutane da yawa sukan ɗauki shekaru ukun nan a matsayin sassauci, alhali iyaka ce ta ƙarshe, domin sashe na 9.2.2.1 ya wajabta a sake duba yawan binciken duk lokacin da aka canza hanyar aiki, ko aka samu kaya marasa kyau, ko abokin ciniki ya kawo koke. Saboda haka sashen walda da ake yawan dawo da kayansa ba zai jira zuwan layinsa ba, yayin da ofishin ajiye takardu zai iya jira.

Binciken hanyoyin ƙera kaya ne zai fi ba ku wahala, domin ana so ya shafi duk rukunin ma'aikatan da ke yin aikin, har da masu kwana, da kuma lokacin da wani rukuni yake miƙa wa wani aiki. Mai binciken da ke tashi ƙarfe huɗu na yamma ba zai ga abin da ke faruwa da dare ba, musamman idan an ɗauke wuta an koma kan janareta, injuna kuma suka tashi da wani saiti daban. Ana kuma so ya tabbatar cewa abin da aka rubuta a takardar nazarin haɗari da tsarin sa ido shi ne ake yi a bakin inji.

Kafin ku rubuta jadawali, ku tambayi abokin cinikin ko yana da salon binciken da ya wajabta, kamar VDA 6.3 da kamfanonin Jamus suke nema, domin sharuɗɗansa na cikin abin da za a duba.